Askin Ranar Asabar

Akwai wani mutum, manomi, a wani ƙauye da ke bayan dutse. Ya yi noma har ƙarfinsa ya ƙare, matarsa ta riga shi tafiya, 'ya'yansa mata suka yi aure suka watse. Gidan ya rage daga shi sai ƙanwarsa, gwauruwa, wadda kowa ke kira Gwaggo Afiniki, mace mai baki kamar barkono. Yana kuma da ɗa namiji guda, ɗan farinsa, mai shagon kayan gini a birni. Ba zan faɗi sunan ɗan ba. Uban da ya haife shi ma bai taɓa faɗa ba.

Kun dai san halinmu da ɗan fari. Ba a kiran sunansa, ba a yi masa wasa, ba a kallon tsabar idonsa. Ko ciwo yake yi, sai dai uba ya tambayi wani, “Yaya mai jikin?” yana kallon wani gefe. Mun karɓi bishara, mun bar abubuwa da yawa, amma wannan kunyar mun shigo da ita majami'a har mun ba ta benci. Haka tsohon nan yake. In zai yi maganar ɗansa sai ya ce “yaron nan,” alhali yaron nan ya ba shekara arba'in baya, furfura ma ta fara leƙo masa.

Tsohon kuwa shi ne mai tsaron ƙofa a majami'arsu. Shi ke tsayawa ran Lahadi yana yi wa mutane maraba, yana nuna wa baƙi wurin zama, kuma tunda aka ba shi wannan aiki bai taɓa shiga ɗakin Ubangiji da tsiron gemu a haɓarsa ba. Yana da gidan reza irin na da, na ƙarfe, mai nauyi a hannu, wanda ake murɗa gindinsa kan ya buɗe, a kwantar da reza guda ɗaya a ciki, a mayar a ɗaure. Da shi yake aski shekara da shekaru. Sai tsufa ya kawo masa rawar hannu. Hannun da ya riƙe garma ya koma ko kofin koko ba ya kai wa baki sai rabi ya zube.

Ku matasa da ba ku taɓa riƙe gidan reza ba, bari in gaya muku halinsa. Ba ya son gaggawa. Sai an jiƙa fuska da ruwan ɗumi har gashi ya yi laushi, a tada kumfar sabulu, a shafa. Sannan hannu ɗaya ya ja fata ta miƙe, ɗayan ya kwantar da ƙarfen a karkace, ba a danna shi, nauyinsa kaɗai ya isa. A bi gashi ta inda ya kwanta, kaɗan kaɗan, a ɗauraye, a sake. Ka danna, ya yanke ka. Ka yi sauri, ya yanke ka. Hannu biyu lafiyayyu yake so, tsohon kuwa ko ɗaya ba shi da shi.

Saboda haka ɗan ya fara zuwa. Kowace Asabar sai ya bar shago, ya hau babur, ya bi wannan hanya mai ramuka har ƙauye. Kafin ya iso Gwaggo ta ɗora ruwa a murhu, ta kife turmi a gindin mangwaro. Tsoho ya zauna a kan turmin, ya ɗaga haɓa, ya lumshe ido. Ɗan ya sunkuyo, ya kama haɓar ubansa da yatsu uku.

To, a nan abin yake, ku saurara da kyau. Wanda ake yi wa aski da irin wannan reza ba ya magana, in ya motsa baki jini ne. Don haka kunya ba ta da abin cewa. Uban ba sai ya yi magana ba, ba sai ya kalli kowa ba, idonsa a rufe yake. Ɗan kuwa shirun ya yi masa yawa, sai ya riƙa zuba: wane ya cuce shi a lodin siminti, ƙaramar 'yarsa ta fara haƙori, shi da matarsa sun ɗan sami saɓani a kan makarantar yara. Tsoho yana ji, numfashin ɗansa yana sauka a goshinsa. In an gama kunci ɗaya ana ɗauraye reza, sai ya jefa kalma guda, kamar da mangwaron yake yi: “Mace ba a yi mata ihu a gaban 'ya'yanta.” Ya sake ɗaga haɓa. Wannan rabin sa'a ita ce duk abin da yake da shi na ɗansa, kuma a kanta yake rayuwa daga Asabar zuwa Asabar. In wani mako ɗan ya makara, sai tsoho ya tare Tanimu direba, mai motar da ke zirga-zirga tsakanin ƙauyen da birni, ya ce, “In ka ga yaron nan, ka ce masa gemu ya tofo.”

Shekara uku ana haka.

Wata Asabar ɗan ya zo a gaggauce. Asabar ce ranar ciniki, ya baro masu saye a tsaye, hankalinsa yana can. Ruwan bai gama ɗumi ba ya ce a kawo haka nan. Da ya zo ƙarƙashin muƙamuƙi ya danna, reza ta shiga. Jini ya gangaro cikin kumfa har wuyan riga.

“Wayyo, Baba! Yi haƙuri.”

“Ba komai,” in ji tsoho. Aka goga alif, jinin ya tsaya.

Da gaske ba komai ɗin ne a wurin tsoho. Amma ɗan ya tafi da abin a ransa. Kada ku ce mugu ne, ba mugu ba ne, ganin jinin ubansa ya dame shi ƙwarai. Sai dai zuciyar ɗan Adam, kun san ta, ta iya haɗa tausayi da son hutu ta dama su a kwano ɗaya har ka kasa bambancewa.

Cikin makon ya shiga wani kanti a birni, ya ba mai kantin labari. Mai kanti ya yi dariya.

“Haba maigida, har yanzu akwai masu fama da wannan tsohon ƙarfe? Duba nan.” Ya ciro wani abin aski na roba, mara nauyi. “Baki uku gare ta, duk a ɓoye bayan roba. Ka ga kan? Lanƙwasawa yake yi, yana bin fuska da kansa. Ba ruwanka da jan fata, ba ruwanka da karkata hannu. In kan ya dakushe ka ɓalle shi ka maƙala wani. Wannan ko makaho ya riƙe ba ta yanka shi.”

“Ko hannunsa na rawa?”

“Ko rawar kalangu yake yi.”

Ran Asabar ɗan ya iso da murnarsa. Ya shafa wa uban kumfa, ya danƙa masa mai baki uku a hannu, ya riƙe masa madubi. “Gwada, Baba. Ja kawai.”

Tsoho ya dubi abin, ya dubi madubi. Ya kai hannunsa mai rawa ya ja.

Da ma a ce ta yanke shi! Ni da nake ba ku labarin nan, da hakan ya fi mini daɗi. Amma ina, mai kanti bai yi ƙarya ba. Ta bi kuncin sumul, ba ɗigon jini. Ya ja na biyu, ya ja na uku. Kafin ruwan ya huce an gama.

“Ka gani, Baba? Yanzu ba sai ka jira kowa ba. Duk ran da ka ga dama ka yi abinka.”

“To,” in ji tsoho. “Madalla.”

Gwaggo tana bakin madafa, ta ja tsaki har kaji suka watse. Ɗan bai kula ba. Ya ɗauki tsohon gidan reza ya jefa a aljihu, wai kada Baba ya manta ya ɗauka ya ji wa kansa ciwo. Da zai hau babur ya ce, “Zan riƙa leƙowa.”

Asabar ta zagayo. Gwaggo ta ɗora ruwa, ta kife turmi, tsoho ya zauna. Duk babur ɗin da ya yi ƙara a kan hanya sai ya gyara zama. Rana ta karkata, inuwar mangwaro ta bar turmin. Ya ce, “Afiniki, sake ɗumama ruwan nan.” Ta ɗumama. Ya jingina madubi da tushen itace ya yi askinsa.

Asabar ta biyu haka, ta uku haka. Ya rasa saƙon da zai ba Tanimu, gama gemu ya daina zama dalili. Da kan rezar ya dakushe sai ya ga ya sami hanya. Ya tare mota ya ce, “Ka ce wa yaron nan abin nan ya daina ci.” Washegari Tanimu ya miƙo masa ƙunshi ta taga, kawuna goma sha biyu, kowanne a cikin ledarsa. Ɗan ya aiko da na shekara guda a tashi ɗaya, don kada Baba ya rasa.

Bayan wata biyu sai ƙuraje suka feso wa tsoho a wuya. Haka mai baki uku take yi wa wasunmu: bakin farko ya jawo gashi, na baya su datse shi can ƙasa, gashin ya koma cikin fata, namu kuwa murɗaɗɗe ne, sai ya nannaɗe a ciki ya kumbura. Kun taɓa ganin mutumin da ya yi murna da ƙuraje? Tsohon nan ya yi. Ya tashi da sassafe ya tsaya bakin hanya, ya buɗe wa Tanimu wuyan riga. “Duba da idonka. Ka gaya masa abin da ka gani. Tsohon ƙarfen nan bai taɓa yi mini haka ba.”

Tanimu ya dawo da kwalbar man shafawa, da bayani: safe da yamma, bayan an wanke wurin.

Ran nan Gwaggo ta kasa haƙuri. Ta ajiye muciya ta zo ta tsaya a kansa.

“Yaya, don girman Allah, ka buɗe baki ka ce ya zo.”

“In ce me?”

“Ka ce kana son ganinsa. Kalma nawa ce?”

“Ni? In aika wa ɗan fari cewa ina son ganinsa? Ji ki da wata magana. Ubanmu ya taɓa gaya mini haka?”

“Ubanmu gona ɗaya kuke nomawa, kullum yana ganin ƙeyarka. To, in ba za ka faɗa ba, bar gemun ya tsaya. In ya ji ka koma bunsuru ai zai zo.”

Tsoho ya ce, “In tsaya a ƙofar majami'a da gemu buzu-buzu, kowa ya shigo ya ce ɗansa ya yashe shi? Ba da fuskata za a zage shi ba.”

Saboda haka ya ci gaba da aski, yana bin kan ƙurajen yana cije baki. Kowace Lahadi yana bakin ƙofa, fuska tas. Mutanen ƙauye in sun shiga birni sayen kwanon rufi ko ƙusa sai su ce wa ɗan, “Kai, Baba kam sai godiya, jiya ma mun gan shi, fuska sumul kamar ango.” Ɗan ya ji daɗi, ya ce a ransa ya yi dabara. An ce labarin zuciya a tambayi fuska, amma wannan fuska an aske labarin daga kanta.

Gwaggo ce ta gaji ta tare Tanimu da kanta. “Ka ce masa in ji gwaggonsa, zuwa da kai ya fi aike. In kuma ya manta hanya, ka ɗauko shi a bayan mota tare da buhunan taki.”

Maganar ta ci shi, ya zo. Wata bakwai ke nan rabonsa da gida. Asabar ce, amma sai da ya rufe shago, ya iso rana ta yi sanyi. Ya iske uban a kan tabarma. Ya durƙusa ya gaishe shi.

“Sannu da hutawa, Baba.”

“Yawwa. An zo lafiya?”

“Lafiya lau. Yaya jiki?”

“Da sauƙi. Yaya mutanen gidan?”

“Suna gaisuwa.”

“Madalla.”

Shi ke nan, gaisuwa ta ƙare. Ba ruwan ɗumi, ba kumfa, ba abin da zai sa ɗaya ya rufe ido ɗaya ya sunkuyo. Tsoho ya kafa wa ƙasa ido. Ɗan ya kalli awaki, ya kalli rumbu, ya ce rufin rumbun yana son gyara. Tsoho ya ce haka ne. Yana da magana cike da ciki, ta wata bakwai, ɗan ma yana da tasa, gama ƙaramar 'yar ta fara tafiya, kuma saɓaninsa da matarsa ya girma har ta yi yaji sau ɗaya. Ba wanda ya san ta inda zai kama.

Can ɗan ya ce, “Baba, ko in yi maka aski?”

Tsoho ya shafa haɓarsa. Ran nan ma sai da ya jira har rana ta karkata, kamar kullum, sannan ya yi askinsa, tun kafin ɗan ya iso. “An riga an yi,” ya ce.

Suka ƙara zama kaɗan. Abin da ke bakin tsoho shi ne, kwana mana. Abin da ya fito shi ne, “Rana tana faɗuwa, hanyar nan ba kyau.” Ɗan ya tashi, ya ajiye ledar sukari da sabulu, ya hau babur. Gwaggo ta bi shi da ido har ya sha kwana, ta koma madafa tana share hawaye da bakin zane tana zagin hayaƙi.

Bayan an gama girbi, wata Asabar da hantsi, tsoho bai jira rana ta karkata ba. Ya daina jira. Ya sa aka ɗumama ruwa, ya yi askinsa, ya ɗauraye mai baki uku ya ajiye, ya kishingiɗa a gindin mangwaro. Da Gwaggo ta kawo masa abinci ta kira shi sau uku, bai amsa ba.

Fasto ya buga wa ɗan waya. Hanyar nan mai nisa, mai ramuka, wadda ta gagara wata da watanni, ran nan sa'a ɗaya da rabi ta ci.

A ƙauyen nan suna da al'ada: kafin a sa uba a akwati, ɗan fari ne yake yi masa askin ƙarshe, shi kaɗai, da hannunsa. Ɗan ya san da haka. Kafin ya baro birni ya birkice akwatunansa har ya gano tsohon gidan reza, ya tsaya a hanya ya sayi sabuwar reza. Ya shiga ɗakin da aka kwantar da uban, idonsa jawur, ya ce a kawo ruwan ɗumi. Gwaggo ce ta kawo da kanta, ta ajiye, ta tsaya a bakin ƙofa.

Ya murɗa ƙarfen, ya kwantar da reza, ya ɗaure. Ya yaye mayafi. Ya kama haɓar ubansa da yatsu uku.

Sumul. Ya shafa kunci, ya shafa ƙarƙashin muƙamuƙi, ya bi wuya ta kan tabon ƙurajen, yana neman gashi ko ɗaya da zai sa wa reza. Mai baki uku ba ta barin komai.

“Gwaggo,” ya ce, “wa ya yi masa?”

“Shi ya yi da kansa,” in ji ta. “Ai ka koya masa.”

Ga ma'anar wannan misali, ga wanda bai riga ya gane ba.

Tsohon gidan reza shi ne hidimar da ba ta yiwuwa sai ka zo da jikinka: tana cin lokaci, tana hana ka ciniki, wani lokaci ma garin yinta ka ji wa wanda kake ƙauna ciwo. Mai baki uku kuwa ita ce saƙo, wanda yake biyan bukata tsaf, ya kuma sallame ka. Kada wani ya fita nan ya ce malamin makarantar Lahadi ya haramta rezar roba. Ni ma da ita na yi aski yau da safe, ga haɓata ku duba. Rezar ba ta yi laifi ba, abin da aka ce za ta yi shi ta yi. Laifin na wanda ya dubi ubansa ne ya ga gemu kawai.

Allah da ya halicce mu ya bar mana 'yan bukatu a jikin juna da gangan. Tsohuwa tana son a ɗebo mata ruwa, mara lafiya yana son a juya shi, tsoho yana son a yanke masa farce. Kuna tsammani Mai Iko Dukka ya rasa yadda zai yi da farcen tsoho ne? Ya bar shi ne domin ka zo. Mu kuwa mun zama gwanayen toshe waɗannan ƙofofi, kowace da kyautarta mai kyau. Mun saya wa Mama waya don kada mu je, mun ɗauko mata mai aiki don kada mu zauna, muna tura buhun shinkafa a mota muna jin mun fi kowa biyayya. Tir da wannan wayo! Ubangijinmu da ya ga halin da muke ciki bai ba Tanimu direba ƙunshi ya kawo mana ba. Da kansa ya zo, ya taɓa marasa lafiya da hannunsa, ya zauna ya ci abinci da mutane.

Ku kuma iyaye maza da kuke gyaɗa kai a bencin baya, kada ku ji daɗi, ban gama da ku ba. Kunya ado ce, na yarda. Amma kunyar da za ta sa ka mutu da magana a ciki, ɗanka yana zaune kamu ɗaya daga gare ka, wannan ba tarbiyya ba ce, girmankai ne ya sa rigar kunya. Tsohon nan ya iya tsayawa bakin hanya ya nuna wa direba ƙurajen wuyansa, amma ya kasa cewa ɗan cikinsa, kwana mana. Yaronka ba boka ba ne. In kana son ganinsa, faɗa masa da bakin da Allah ya ba ka.

An ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Na san da yawanku kun riga kun shirya abin da za ku aika gida wannan wata. Ku aika, ban hana ba. Amma ku sani, wanda ka koya wa rayuwa ba tare da kai ba, lalle zai koya, tsofaffi ba su da taurin kai kamar yadda muke zato. Ranar da za a kira ka, za ka iske maƙwabta sun haƙa kabari, zumuntar mata sun ɗora tukwane, matasa sun jera kujeru. Ba abin da zai rage maka sai ka zauna a kujerar gaba, a riƙa zuwa ana ce maka sannu da haƙuri, kai da ba ka yi haƙurin rabin sa'a ba.

Mu sunkuyar da kai mu yi addu'a. Sai dai akwai waɗanda a cikinku ba addu'a ce ta rage musu ba yau, tashar mota ce.